ƁARAWON TUNKIYA DA ƁARAWON BIRO

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wani littafi da nake kan rubutawa, inda ma'ajin wata ƙungiyar 'yan kasuwa ya yi sama da faɗi da kuɗin marayu. Saboda haushinsa da nake ji, sai na shirya a babi na ƙarshe alƙali ya sa a yanke masa hannu. Da na karanta wa wani malami a nan Unguwar Rogo, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam marubuci, wannan naka ai maci amana ne, hukuncinsa daban da na ɓarawo." Maganar nan ta hana ni barci, ta sa na shiga bincike.

A fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan Daular Sakkwato suka yi hukunci da shi tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ba a yanke hannu sai sharuɗɗa sun cika. Dole a ɗauki kayan a ɓoye, daga inda aka adana su, kuma darajarsu ta kai rubu'in dinari ko dirhami uku. Wanda aka danƙa wa dukiya hannu da hannu ya cinye, bai fasa ma'ajiyar kowa ba. Saboda haka hukuncinsa ta'aziri ne, wato abin da alƙali ya ga ya dace na bulala ko ɗauri, tare da biyan abin da ya ci.

Da aka kawo dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ita ma ta raba laifuffukan. Sashe na 287 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba ga ɓarawo. Sashe na 309 ya ba wanda ya karkatar da dukiyar wani zuwa aljihunsa shekara 2 ko tara. Sashe na 312 ya ba maci amana shekara 7, na 315 kuwa ya kai shekara 14 idan ma'aikacin gwamnati ne ko na banki. A takarda ke nan, maci amanar jama'a ya fi ɓarawo shan ɗauri.

To, sai aka dawo da shari'ar Musulunci a 2000. A watan Maris na shekarar aka yanke hannun Buba Bello Jangebe a Zamfara kan satar saniya. A 2001 aka yanke hannun wani mutum a nan Sakkwato kan satar tunkiya. A wannan shekarar dai, a wannan garin namu, aka yi wa wasu jami'an gwamnati biyu bulala arba'in-arba'in saboda cin kuɗin wani ɗan fansho. Mai tunkiya ya koma gida da dungu, masu biro suka koma da hannuwansu. Kano ce ta lura da wannan giɓi, ta sa a dokarta cewa ma'aikacin da ya wawure dukiyar jama'a a yanke masa hannu.

Abin da na fahimta kuma shi ne, sashen da mai gabatar da ƙara ya zaɓa shi ke yanke rabin shari'ar. A watan Janairun 2013 wata kotu a Abuja ta samu John Yakubu Yusufu da laifi kan kuɗin fanshon 'yan sanda, kimanin naira biliyan 23. Da yake da sashe na 309 aka tuhume shi, sai ya biya tarar naira 750,000 ya yi tafiyarsa. Sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara 6. A 2018 ɗin ne aka ɗaure tsofaffin gwamnoni biyu, Jolly Nyame na Taraba da Joshua Dariye na Filato, shekara 14 kowannensu saboda cin amana. Daga baya aka rage musu, a 2022 kuma gwamnatin Buhari ta yi musu afuwa. Jangebe kuwa babu afuwar da za ta mayar masa da hannunsa.

Ni dai ban ga laifin malaman fiƙihu ba. Sun tsaurara sharuɗɗan haddi ne don kada a yanke hannun bawan Allah a kan shubuha, kuma sun bar wa alƙali ƙofar ta'aziri a buɗe. Laifin na masu riƙe da wannan ƙofa ne, da suke sassauta wa mai babbar riga.

Na koma na gyara babin nan. An ɗaure ma'ajin nawa, an sayar da gidansa an biya marayu. Ku faɗa mini ko hakan ya wadatar. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.