Dawa Ɗaya, Tukunya Biyu: Labarin Marisa a Ƙasar Jazira

A watan Yuli na shekara ta 1903 Turawan Ingila suka ci Burmi da yaƙi, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya faɗi a fagen fama. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya tattara sauran jama'a, Fulani da Hausawa, suka nausa gabas. Wajen shekara ta 1906 suka sauka a bakin Shuɗin Kogin Nilu, a ƙasar Sudan. Garin da suka kafa kudu da Sinnar, da sunansa ake kiransa, wato Mai Wurno. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai Hausawa suka ƙara yawa. Masu niyyar zuwa Makka da yawa suka tsaya neman guzuri, tsayawar kuwa ta zama zama.

Baƙin nan sun tarar da hatsin da suka sani, wato dawa, wadda mutanen ƙasar ke kira dura. Sun kuma tarar da giyar da ake yi da ita, ana ce mata marisa, 'yar'uwar burkutu ce. Mata ne ke dafa ta. Sukan jiƙa wani kashi na dawar har ta tsira, su shanya, su niƙa. Sauran garin kuma su kwaɓa, su bar shi ya yi tsami, su gasa wani, su tuƙa wani kamar tuwo. Sa'an nan a haɗa da garin tsiron, a bari ya tashi, a tace da ƙyalle. Ba ta ajiyuwa, ranar da aka tace ake shanyewa, dusar kuwa a ba dabbobi. A karkarar Sudan da dama marisa abinci ce ga manomi, da ita kuma ake sallamar 'yan gayya, wadda su suke kira nafir.

Amma tun kafin zuwan Mai Wurno ana jayayya a kanta. Mahadi Muhammadu Ahmad, wanda ya ci Khartum a 1885, ya hana shan marisa da taba, ya sa hukuncin bulala. Mutanen Mai Wurno kuwa hijira ce ta fito da su, don haka giya ba ta sami wurin zama a fili cikin garinsu ba. Duk da haka tsiron dawa bai zama baƙo gare su ba, gama a ƙasar Hausa ana zaƙaƙa kunu da shi. A Sudan ma da tsiron nan ne ake yin hilu-mur, abin sha na buɗe-baki a watan azumi, wanda ba ya bugarwa. Dawa ɗaya ce, tsiro ɗaya, tukunya ce ta raba su.

Tambayar nan, wace tukunya hatsi zai shiga, ba Sudan kaɗai ta sha fama da ita ba. A ƙasar Jamus, a lardin Bavariya, sarakuna biyu 'yan'uwa, Wilhelm na huɗu da Ludwig na goma, sun kafa doka a birnin Ingolstadt ran 23 ga Afrilu, 1516. Dokar ta ce kada a sa kome a giya sai sha'ir, da ruwa, da furen wani tsiro mai ɗaci da ake kira hops. Ɗaya daga cikin dalilanta shi ne a bar wa masu gasa burodi alkama, kada masu giya su saye ta, abincin talaka ya yi tsada.

To, amma an ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. A 1548 aka ba gidan sarautar Degenberg izinin dafa giyar alkama su kaɗai. Da zuriyarsu ta ƙare a 1602, sai Sarki Maximilian na ɗaya ya karɓe izinin ya riƙe wa kansa. Abin da aka hana talaka ya zama hanyar cika baitulmalin sarki. Sai a 1872, bayan kasuwarta ta faɗi, aka sayar wa wani mai suna Georg Schneider izinin.

A Sudan dokar ta zamani ta zo ne a watan Satumba na 1983, sa'ad da Shugaba Ja'afar Numairi ya hana giya, aka tsiyaye kwalabe cikin Nilu a Khartum. Masana'antar giya ta rufe, amma tukwanen marisa ba su mutu ba. Nauyin dokar ya sauka a kan mata matalauta, yawancinsu daga Kudu da Duwatsun Nuba, waɗanda yaƙi ya koro zuwa gefen birane. Da yawansu Kirista ne, kuma da dafa giya suke ciyar da 'ya'yansu. Aka yi ta yi musu bulala da tara, ana kulle su a kurkukun mata na Omdurman. Sai a watan Yuli na 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta sassauta dokar ga waɗanda ba Musulmi ba.

Ɓarnar buguwa ba a ɓoye take ba. Gida da yawa ya kwana da yunwa domin dawar tuwo ta tafi tukunyar giya, shi ya sa ikilisiyoyi da dama a ƙasar Hausa suka hana 'ya'yansu dafa burkutu. Amma tarihin Bavariya da na Sudan sun nuna wani abu kuma. Sarki yakan kafa doka ya sami hanyar cin ribarta, bulala kuwa takan sauka a bayan gwauruwar da ba ta da wata sana'a. Wanda yake so ta bar tukunyar giya, sai ya fara tambayar abin da za ta ɗora a murhu gobe.