Daga Gayya Zuwa Ƙungiya: Waiwaye Kan Noma Da Amana A Birnin Kudu Da Gwaram

Tun kafin a san rancen banki a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, mutane na da hanyarsu ta haɗa ƙarfi. Idan ciyawa ta sha kan magidanci sai ya kira gayya, samari su fito da fartanya, makaɗi na zuga su, matan gida su dama fura, kafin la'asar an nome gona. Ba a rubuta komai, amma kowa ya san akwai ranar ramawa. Mata kuwa adashi ne jarinsu. Uwar adashi ba ta da hatimi, sunanta ne jinginarta, kuma da kwasa ɗaya mace kan sayi akuya ko ta fara ƙuli-ƙuli.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, kuma wannan yanki na lardin Kano ya shiga cinikin. Tare da kuɗin sai ga sikeli da ɗan baranda, da bashin da ake ci da damina a biya ninki da kaka. A 1935 Turawan mulki suka kafa dokar ƙungiyoyin gama kai, amma daga sama abin ya sauko, ba daga zaure ba. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya wannan kasuwa, sannan a 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. Manomi ya koma shi da dillali, ido da ido.

Sauyin da ya fi taɓa talaka a ganina shi ne ƙaramin injin ban ruwa. Hukumar raya aikin gona ta Kano, KNARDA, ce ta yaɗa shi a shekarun 1980, kuma bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, takwararta ta Jigawa, JARDA, ta ɗora. Fadamun da a da ake bar wa dabbobi da rani suka koma lambun tumatir da albasa da shinkafa, matasa da yawa suka rage tafiya cin rani. Shirin Fadama na Bankin Duniya ya zo da sharaɗi: ba a ba mutum ɗaya, sai ƙungiya. Haka shirin rancen manoma na Anchor Borrowers na 2015, haka noman rukuni na zamanin Gwamna Badaru Abubakar.

A nan ne abin ya rabu biyu, kuma nan ne ya fi damuna. Akwai ƙungiyar da maƙwabtan gona suka kafa, sun san juna tun gayya, suna sayen taki tare, su haɗa kuɗin mota tare. Akwai kuma wadda aka haɗa dare ɗaya don an ji za a raba kaya, aka cika takarda da sunayen dangi. Ta farko tana nan ko tallafi ya ƙare. Ta biyu ta watse ranar da aka raba buhun ƙarshe, ta bar wa garin sunan rashin biyan bashi, har na kirki ya nema a hana shi.

Haka lamarin yake a kasuwa. Riɗin da ake aunawa a kasuwar Sara da ke Gwaram yana iya ƙarewa a Japan ko Turkiyya. Wanda ya zuba masa yashi, ko ya bubbuge gindin mudu, ba mai saye kaɗai ya cuta ba, ya karya farashin maƙwabcinsa da ya sheƙe nasa tsaf.

Don haka ina kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin manoma na Birnin Kudu da Gwaram: ku tsayar da mudu ɗaya, ku riƙa karanta lissafin asusu a gaban kowa bayan kowace kaka, kuma wanda aka kama da algus a hana shi awo.