Libatariyanci: Aƙidar Taƙaita Ikon Gwamnati

Libatariyanci aƙidar siyasa ce da ke cewa kowane mutum shi ke da iko da ransa, da jikinsa, da abin da ya samu da guminsa, kuma aikin gwamnati bai wuce ta tsare masa waɗannan ba. Sunan ya fito daga kalmar Latin da ke nufin 'yanci. A yau aƙidar ta fi ƙarfi a Amurka.

Asalinta

Tun kafin a ba ta suna, tunanin ya soma tsirowa daga gwagwarmayar 'yancin lamiri. A 1612 Thomas Helwys, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ikkilisiyar Baftis ta farko a Ingila, ya aika wa Sarki James na Ɗaya littafi yana cewa sarki ba shi da hurumi a tsakanin mutum da Allahnsa. An jefa shi kurkuku, a can ya mutu. Shi ma Roger Williams, da aka kore shi daga Massachusetts, ya kafa garin Providence a 1636, inda ba a tilasta wa kowa addini. Waɗannan ba 'yan libatariya ba ne, amma sun kafa hujjar cewa akwai inda hannun hukuma ba ya kaiwa.

A 1689 John Locke ya rubuta cewa haƙƙin rai da 'yanci da dukiya ba kyautar sarki ba ne. Jama'a ne suka yarda a kafa hukuma domin ta tsare su, idan kuwa ta koma tana danne su, ta zubar da amanar. A 1859 John Stuart Mill ya ce ba a hana baligi abin da yake so sai in zai cuci wani. A ƙarni na 20 Friedrich Hayek da Milton Friedman sun yi gargaɗi a kan gwamnati ta riƙe kasuwa. Robert Nozick kuma, a 1974, ya ce gwamnati ta tsaya ga tsaro da kotu da tabbatar da yarjejeniya.

Kundin tsarin mulki

'Yan libatariya suna ɗaukar kundin tsarin mulki a matsayin linzamin da aka sa wa gwamnati. An rubuta na Amurka a 1787, aka ƙara masa gyare-gyare goma a 1791. Na ɗaya ya hana majalisa kafa addinin ƙasa ko hana ibada da faɗin albarkacin baki. Na biyu ya shafi mallakar makami. Na huɗu ya hana bincike da kame ba bisa dalili ba. Na goma ya ce duk ikon da ba a ba gwamnatin tarayya ba, na jihohi ne ko na jama'a.

Shari'o'i biyu suna nuna abin da ake jayayya a kai. A 1943 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba za a tilasta wa 'yan makaranta, 'ya'yan Shaidun Jehobah, su sara wa tuta ba. Amma a 2005, a shari'ar Kelo, alƙalai biyar cikin tara sun yarda birnin New London ya karɓi gidajen mutane, ya biya diyya, ya miƙa filin ga 'yan kasuwa. 'Yan libatariya sun kira wannan ƙwace, jihohi da yawa kuma suka tsaurara dokokinsu bayan hukuncin.

A fagen siyasa

An kafa jam'iyyarsu a Amurka a 1971. Ƙuri'a mafi yawa da ta samu a zaɓen shugaban ƙasa ita ce ta Gary Johnson a 2016, kimanin kashi uku cikin ɗari. A 2023 Javier Milei, mai wannan aƙida, ya zama shugaban Ajantina.

Masu suka

Masu suka sun ce 'yanci a takarda ba ya ciyar da mai yunwa, kuma mai kuɗi ma yana iya danne talaka kamar hukuma. Kiristoci sun rabu a kanta. Wasu suna kafa hujja da 1 Sama'ila 8, inda aka gargaɗi Isra'ila cewa sarki zai kwashe 'ya'yansu da gonakinsu. Wasu kuma suna nuna Romawa 13 da kiran annabawa a kan gwauraye da marayu. A 1891 Fafaroma Leo na 13 ya amince da mallakar dukiya, amma ya ce wajibi ne hukuma ta kare ma'aikata.

A Nijeriya

Kundin 1999 ba na libatariya ba ne, amma Babi na Huɗu ya iyakance ikon hukuma. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini har da sauya shi, sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini ya zama na ƙasa. Sai dai sashe na 45 ya ba da damar rage wasu haƙƙoƙi saboda tsaro ko zaman lafiya. Shi ya sa tambayar da Helwys ya ɗaga take nan har yau: ina iyakar hukuma, kuma wa zai tsayar da ita idan ta ƙetare?