Sa'ad da Amurka Ta Ɗauki Mayunwata Aiki

Idan muka waiwayi Amurka ta shekarar 1933, za mu tarar da ƙasa ce wadda talauci ya yi wa katutu. Tun daga rugujewar kasuwar hannun jari a 1929 bankuna suka dinga durƙushewa, masana'antu suna rufe ƙofa, har ta kai kusan mutum ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu ba shi da abin yi. A cikin wannan hali ne Franklin Roosevelt ya hau mulki. Shi da na hannun damansa Harry Hopkins ra'ayinsu guda ne, wato gara a ba magidanci aiki a biya shi, da a miƙa masa sadaka yana sunkuyar da kai.

Saboda haka a 1935 aka kafa hukumar WPA. Kafin a rufe ta a 1943, ta ɗauki mutum wajen miliyan 8.5, suka gina hanyoyi da gadoji da makarantu. Albashin kuwa da gangan aka sa shi ƙasa da na kamfanoni, don kada kowa ya miƙe ƙafa.

To, abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, hukumar ba ta manta cewa marubuci ma yana jin yunwa ba. An buɗe sashen marubuta a ƙarƙashin Henry Alsberg, aka ɗauki dubbai, amma galibinsu sai da suka tabbatar wa hukuma cewa ba su da ko sisi, abin da ba kowane mai alƙalami zai iya haɗiyewa ba. A nan irin su Richard Wright da Ralph Ellison da Zora Neale Hurston suka ci abinci. Sashen ya wallafa littafin jagora na kowace jiha cikin 48 na wancan zamani. Tsakanin 1936 da 1938 kuma ma'aikatansa suka bi gida gida suka rubuta labarin tsofaffi sama da 2,300 waɗanda aka haifa cikin bauta. Sai dai yawancin masu tambayar Turawa ne, tsoho baƙar fata a Kudu kuwa ya san abin da bakinsa zai iya jawo masa, don haka sai mun karanta wasu amsoshin da lura.

A 1938 kwamitin Martin Dies na majalisa ya zargi sashen da zama matattarar 'yan gurguzu. Shekara na zagayowa majalisa ta ɗora wa jihohi kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin, aka kuma sallami Alsberg.