Wutsiyar sunan fayil da yadda ake sauya nau'in hoto a kwamfuta

Wutsiyar sunan fayil ita ce haruffa uku ko huɗu da ke biyo bayan ɗigo a ƙarshen sunan, kamar .jpg ko .png ko .pdf. Da ita kwamfuta ke gane manhajar da za ta buɗe fayil ɗin.

Sanin wannan na da muhimmanci ga ɗalibai da masu neman aiki a Kudancin Kaduna, musamman masu rajista a reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Shafin rajista na intanet yakan ƙayyade nau'in hoton fasfo da girmansa, kuma yakan ƙi karɓar wanda ya saɓa, ko da wa'adi ya kusa cika.

Nau'in JPEG, wanda aka fitar a 1992, shi ne ya fi yaɗuwa. Yana rage nauyin hoto ta hanyar zubar da wasu bayanai, don haka ingancinsa kan ragu duk lokacin da aka gyara shi aka sake adanawa. PNG, na 1996, ba ya zubar da komai, shi ya sa ya dace da tambari da sa hannu. Google ya fito da WebP a 2010, wayoyin iPhone kuma sun fara ɗaukar hoto a HEIC a 2017.

Sauya wutsiya da hannu daga .heic zuwa .jpg ba ya sauya hoton. Sunan kawai aka taɓa, tsarin ciki yana nan yadda yake. Hanyar da ta dace a Windows ita ce a buɗe hoton da manhajar Paint, a zaɓi “Save as”, sannan a zaɓi JPEG. Hoton HEIC kan buƙaci ƙarin manhaja daga Microsoft Store kafin ya buɗe. A riƙa ajiye hoton asali a gefe.

Windows kan ɓoye wutsiyar, sai an kunna nuna ta a File Explorer. Kunna ta kariya ce, domin fayil mai suna hoto.jpg.exe manhaja ce, tana iya zama mai cutarwa. Haka kuma, a guji ɗora takardar NIN ko sakamakon jarrabawa a shafukan sauya hoto da ba a san masu su ba.