Kantin Kwari da Yaron da Ya Dawo daga Jinya

Kasuwar Kantin Kwari ta samo asali ne daga kantunan Kwarori, mutanen Lebanon da Sham da suka zauna a Fagge bayan layin dogo ya iso Kano a 1911. Da harkar yadi ta koma hannun Hausawa, sai suka ɗora ta bisa tsohon tsarin ubangida da yaro: yaro ya yi sammakon buɗe shago, ya riƙe amana, in lokaci ya yi a sallame shi da jari.

Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, masaƙun Bompai da Sharaɗa da Chalawa suka riƙa rufewa, zaman kashe wando ya yawaita, ƙwaya ta samu gindin zama. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. A Fabrairun 2024 kuma aka rufe shagunan 'yan magani a Sabon Gari, aka umarce su da komawa Ɗangwauro. Doka ta taɓa kwalba, amma ba ta faɗa wa wanda ya daina sha inda zai wuni ba.

Tun 1954 likitan ƙwaƙwalwa Thomas Adeoye Lambo ya gane wannan giɓi. A Aro, kusa da Abekuta, ya zaunar da majinyata cikin ƙauyuka, suna karɓar magani suna cuɗanya da jama'a a harkokin yau da kullum. Sana'a tana ba mai murmurewa lokacin tashi, da abokai na gari, da mutuncin cin guminsa.

Sai dai sana'a ma magani ce mai ƙa'ida. Ɗan dakon da ke haɗiyar tiramadol don ya iya ɗaukar dila, wahalar aikin ce ta jefa shi ciki.

Saboda haka, idan yaronka ya dawo daga jinya a Dawanau, kada ka rufe masa ƙofa. Fara masa da aiki mara nauyi, jinkirta damƙa masa kuɗin ciniki, ka ba shi damar zuwa asibiti ranar ganin likita. In ya yi tuntuɓe, mayar da shi wurin likita kafin ka yi zancen kora. Gyaran yaro shi ne gadon da kasuwar nan ta bar maka.