Wa ke da bakin faɗa? Tarihin koyar da matasa sanin jiki da zaman duniya a Nijar

A watan Oktoba na shekarar 2014 gwamnatin Nijar ta janye wani darasi da aka shigar cikin tsarin karatun kwaleji da lise, wanda ya shafi balaga da lafiyar jiki da sha'anin haihuwa, bayan ƙungiyoyin addinin Musulunci sun koka cewa abin da ke cikinsa ya saɓa wa tarbiyyar ƙasa. Masu goyon bayan darasin suka ce rashin sani ne ke jefa yara cikin halaka, masu adawa da shi kuma suka ce an kawo baƙon abu domin a ɓata ɗiyan mutane. Duk da nisan da ke tsakaninsu, ɓangarorin biyu sun yi tarayya a zato guda, wato cewa yi wa matashi maganar jikinsa sabon abu ne a ƙasar nan. Tarihi bai gaskata wannan zato ba. Maganar ta daɗe ana yin ta, kuma abin da ya riƙa sauyawa daga zamani zuwa zamani shi ne wanda jama'a ta yarda ya buɗe baki ya yi ta.

A gidan Bahaushe na dauri, kunya ce ta raba aikin tarbiyya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, balle ta zaunar da shi ta yi masa bayanin abin da zai same shi idan ya girma. Amma al'adar da ta rufe bakin iyaye ita ce ta buɗe na wasu. Tsakanin jika da kaka akwai wasa, kuma a cikin wasan nan ne yarinya kan ji abin da uwarta ba za ta iya furtawa ba. Goggo da inna da yayye mata su ne ke lura da ranar da yarinya ta fara ganin al'ada, su nuna mata yadda za ta tsabtace kanta. Yara maza kuwa, lokacin sanyi ake tara su wurin wanzami a yi musu kaciya, su yi kwanakin jinya tare ƙarƙashin kulawar wani babba, inda suke koyon dauriya da riƙe sirri. Idan aure ya zo, arwanka da tsofaffin dangi ke yi wa amarya gargaɗi a kwanakin lalle, in haihuwa ta zo kuma ungozoma ce ke tsaye a kan wankan jego na kwana arba'in.

Zaman jama'a ma yana da makarantarsa, ita ce samariya. Sarkin samari da shugabar ƴan mata ke tsara gayya da wasan dandali da hidimar buki, suna da ikon tsawatawa da cin tara. Har tsarance, wato kusantar juna da aka yarda wa saurayi da budurwa a wasu yankuna, yana da iyakar da kowa ya sani, kuma wanda ya ƙetare ta ya jawo wa kansa da danginsa abin faɗa.

Reshe na biyu shi ne zauren malam, kuma a nan ne mai binciken tarihi zai fi cin karo da abin mamaki. Yaron da ya yi nisa a allo yakan shiga littattafan fiƙihu, ya fara da Ahalari, ya bi da Ishmawi da Iziyya, sannan Risala. Littafin Ahalari, wanda wani malamin ƙasar Aljeriya na ƙarni na 16 ya wallafa, tun a babukansa na farko yake bayanin tsarki, da abin da ke warware alwala, da abin da ke wajabta wanka, da hukuncin haila da jinin biƙi. Risala kuwa, ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, an rubuta ta ne a ƙarni na 10 musamman domin a karantar da yara, kuma bayan ibada ta taɓo aure da saki, da ladabin ci da sha, da gaisuwa, da neman izinin shiga gida, da magani. Malam yakan karanta da Larabci ya fassara da Hausa kalma bayan kalma, yana kiran kowane abu da sunansa, almajirai na saurare ba tare da wani ya ce an ɓata su ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, cikin jihar Tawa ta yau, ya zargi malaman zamaninsa da barin matansu da ɗiyansu mata cikin jahilcin irin waɗannan hukunce-hukunce. Ɗiyarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin ƴan taru, inda jajis ke zagaya ƙauyuka suna kai wa mata karatu da waƙe.

Ba a ce wannan tsari na da bai da giɓi ba. Bai san ƙwayar cuta ba, bai san dalilin da ke sa yarinyar da ƙugunta bai ƙosa ba ta daɗe tana naƙuda har ta kamu da yoyon fitsari ba, kuma wasu magungunansa, irin yankan gishiri, sun fi cutar da ake son warkarwa illa. Sannan an gina shi a kan zaman da tsakanin balaga da aure bai wuce ɗan lokaci kaɗan ba. Sai dai yana da abu guda da ya riƙe shi: kowane sani yana da mai shi, kuma jama'a ta san dalilin da ya ba wannan mutum bakin magana.

Da Turawan Faransa suka kafa mulkinsu, suka mai da Nijar cikakkiyar ƙasar mallaka a 1922, sannan suka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, makarantarsu ta zo da nata darussan tsabta da na kyawawan ɗabi'u. Mushe kan duba farce da kai da tufafi da safe, a koya wa yara wanke hannu da tsoron ƙuda da sauro, ƴan matan da aka samu kuma a koya musu ɗinki da renon jariri. Damuwar masu mulki ita ce annoba, musamman agana da sanƙarau, da kuma samun lafiyayyun ma'aikata. Abin da ya shafi balaga da aure ba su taɓa shi ba. Ko da sun taɓa, da bai kai ko'ina ba, domin a 1960, shekarar samun ƴancin kai, yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai biyar cikin ɗari ba.

Bayan ƴancin kai ne makaranta ta fara sauya rayuwar matashi da gaske, ta hanyar da ba a yi tanadinta ba. Kwaleji a birni yake ko a babban gari. Yaron ƙauye da ya ci jarrabawar ƙarshen firamare, yana ɗan shekara 12 ko 13, sai ya bar gidansu ya sauka wurin mai masauki, wani lokaci dangi na nesa, wani lokaci wanda bai taɓa gani ba. A daidai shekarun da jikinsa ke sauyawa, ya yi nisa da kaka da goggo da malamin zaure da sarkin samari. Makaranta ta karɓi sa'o'in yaro daga hannun waɗannan malamai, ta tsawaita tazarar da ke tsakanin balaga da aure, amma ba ta ɗauki aikin da suke yi ba. Darasin kimiyyar halittu yana bayanin haihuwa da Faransanci, da kalmomin da ake haddacewa domin jarrabawa. Darasin tattalin gida da zaman iyali ya fi kusa da rayuwa, sai dai sa'o'insa kaɗan ne, kuma an daɗe ana yi masa kallon darasin mata. Yarinyar da ta yi ciki kuwa, shekara da shekaru hukuncinta kora ce.

Abin lura shi ne, a wajen aji ƙasar ta gwada wasu hanyoyi da suka karɓu. Ƙungiyoyin sauraron rediyo da aka kafa a 1962 sun sa manoma suna tattauna lafiya da noma da harshensu. A shekarun 1960, aikin wayar da kan karkara a yankunan Matamai da Maraɗi ya horar da masu agajin farko da ungozomomin da ƙauyuka suka zaɓa da kansu, aka ƙara wa tsohuwar da aka riga aka yarda da ita sanin tsabtar reza da alamun naƙuda mai haɗari. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke karantarwa da Hausa a Damagaram. Bayan juyin mulkin 1974, Seyni Kountché ya farfaɗo da samariya ya mai da ita ginshiƙin tsarinsa, wasan kwaikwayo na Hausa kuma, irin na su Yazi Dogo, wanda shi kansa malamin makaranta ne, ya riƙa kai maganar auren dole da almubazzarancin buki cikin gidaje ta rediyo da talabijin, mutane na dariya suna ɗaukar darasi.

Shekarun 1980 suka zo da matsi biyu. Na farko yawan jama'a ne: a 1984 aka buɗe cibiyar lafiyar iyali ta ƙasa a Yamai, a 1985 Kountché ya yi jawabinsa na Matamai kan tazarar haihuwa, a 1988 kuma doka ta halatta amfani da magungunan tsarin iyali. Na biyu cutar sida ce, wadda aka tabbatar da ɓullarta a ƙasar a 1987. Daga nan aka fara shigar da ilimin yawan al'umma da zaman iyali cikin darussan makaranta, da tallafin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. Wannan tallafi ya kawo kuɗi da littattafai, ya kuma kawo tambarin da darasin bai rabu da shi ba har yau: an san shi a matsayin abin da ya zo daga waje, da harshen waje.

Taron ƙasa na 1991 ya buɗe bakin kowa. Samariya, wadda ta riga ta zama ta gwamnati, ta dushe tare da mulkin da ya ɗauke ta, fada ta maye gurbinta, inda samari ke kewaye butar shayi suna koyar da juna abin da suka sani da wanda ba su sani ba. Ƙungiyoyin mata da na addini suka yawaita a lokaci guda. Daftarin dokar iyali ya gamu da adawa mai ƙarfi, aka jingine shi a 1994, tarzomar da ta biyo bayan bukin nunin tufafi na FIMA a Yamai da Maraɗi a shekarar 2000 kuma ta nuna yadda maganar jikin mace ta zama fagen siyasa. An samu dokar tsarin ilimi a 1998 da dokar lafiyar haihuwa a 2006, amma malamin aji ya ci gaba da tsayawa shi kaɗai gaban allo, yana tsoron abin da iyaye za su ce idan ya yi bayani dalla-dalla.

Ana cikin wannan ja-in-ja, alƙaluma na ba da nasu labari. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kashi 40 cikin ɗari na ƴan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna da cikin fari, matsakaicin haihuwar mace guda kuma ya kai 7,6. Sida ba ta yi ɓarnar da aka ji tsoro ba, domin masu ɗauke da ita sun tsaya ƙasa da ɗaya cikin ɗari, amma wasu baƙi sun iso: ƙwayar tramol a hannun samari, da wayar salula wadda ke nuna wa yaro abin da kaka da malam da mushe duk suka yi shiru a kansa.

A waɗannan shekaru ne kuma jihar Damagaram ta sake tabbatar da tsohon darasin ungozomomi. Makarantar mazaje, wadda aka fara can wajen 2008, ta tara magidantan da unguwa ke girmamawa suna tattauna awon ciki da haihuwa a likita, da goyon bayan sarakuna da malaman addini, har wasu ƙasashe suka kwaikwaye ta. Kuɗin wannan shiri ma daga waje ya zo, abin da ake faɗa a ciki kuma bai yi nisa da na littafin da aka janye a 2014 ba. Bambancin shi ne masu maganar ƴan gari ne, da harshen gari suke yi, kuma an nemi shawarar masu faɗa a ji tun kafin a fara.

Dokar shugaban ƙasa ta watan Disamba na 2017 kan kare ɗiya mace da ke karatu ta buɗe hanyar da yarinyar da ta yi aure ko ta haihu za ta ci gaba da zuwa aji. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 kuma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Waɗannan matakai biyu sun dawo da tambayar gaban malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu. Kalmomin da za a yi darasin da su suna nan, an daɗe ana furta su a zaurukan karatu daga Tawa zuwa Damagaram. Sanin likita da tsofaffi suka rasa shi ma yana nan. Abin da tarihin shekara ɗari ya nuna ya yi ƙaranci shi ne zaman da zai haɗa malamin kimiyya da malamin fiƙihu da ungozoma da uwayen ɗalibai a kan tabarma guda, su raba aikin kamar yadda magabata suka raba shi, kowa ya san abin da ya hau kansa ya faɗa. Kafin a yi wannan zama, yarinyar da ta baro ƙauyensu ta sauka gidan mai masauki a shekarar farko ta kwaleji za ta ci gaba da kai tambayarta wurin ƙawarta, wadda ita ma ba ta da wanda ta tambaya.